Shaidata a kan Dokar Daidaito da aikin jin daɗin jama'a

Ni ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce a ƙarƙashin wata ƙaramar hukuma a Ingila, kuma da girmana na shiga wannan aiki, bayan na daɗe ina hidimar tsofaffi da marasa lafiya a gidajensu, har Allah ya ba ni ikon komawa jami'a. Abin da nake son bayar da shaida a kansa shi ne yadda dokar hana nuna bambanci take shiga aikinmu na yau da kullum. Mutane da yawa, har da wasu abokan aikina, suna ɗaukarta a matsayin abin lauyoyi da alƙalai, alhali a hannunmu ake yanke ko za ta amfani mutum ko za ta zauna a takarda: a wasiƙar da muka aika, a ɗakin da muka zaɓa don ganawa, da kalmar da muka rubuta a fayil. Ban taɓa haɗuwa da ma'aikacin da ya fito daga gidansa da niyyar zaluntar kowa ba. Amma na ga mutanen kirki sun cutar da iyalai ta hanyar yi wa kowa abu iri ɗaya, kuma zuciyarsu a kwance cewa adalci suka yi.

Wadda ta fara sanar da ni asalin waɗannan dokoki wata dattijuwa ce da aka ɗora wa kula da ni lokacin da nake koyon aiki. Iyayenta mutanen tsibiran Karebiyan ne da suka zo Birtaniya bayan yaƙin duniya na biyu, kuma ta girma tana jin labarin yadda mahaifinta ya yi ta yawon neman ɗakin haya ana gaya masa baki da baki cewa ba a ba baƙar fata, ba shi da wurin kai ƙara domin babu dokar da aka karya. Dokar farko ta hana wariyar launin fata ta zo a 1965, amma iyakarta wuraren taruwar jama'a kamar otal da gidajen cin abinci. Sai a 1968 aka shigar da gidaje da ɗaukar aiki. Dokar hana bambanta mace da namiji ta biyo baya a 1975, masu naƙasa kuwa sai da suka jira har 1995. Abin da ya fi zama a ranta shi ne kisan Stephen Lawrence, matashi ɗan shekara 18 da wasu fararen fata suka kashe a kudu maso gabashin Landan a 1993, da rahoton binciken da alƙali Macpherson ya jagoranta kan lamarin, na 1999, wanda ya ce wariya tana iya zama a cikin tsarin hukuma kanta, a al'adun aikinta da abin da take sakaci da shi, ko da babu jami'in da ya furta kalmar ƙiyayya. Daga nan ne aka gyara doka a shekara ta 2000, aka ɗora wa hukumomin gwamnati wajibcin duba kansu da kansu. Takan ce mini kowace daga cikin dokokin nan sai da wani ya sha wuya kafin a rubuta ta, saboda haka kada in karanta su kamar ƙa'idar cika fom.

Dokar Daidaito ta 2010 ita ce ta tattara waɗannan dokoki wuri guda, ta fara aiki a watan Oktoba na wannan shekarar a Ingila da Sikotland da Wels. Ta lissafa abubuwa tara da ba a yarda a cutar da mutum saboda su ba: shekaru, naƙasa, sauya jinsi, aure ko zaman tare da doka ta yi wa rajista, ciki da haihuwa, launin fata da asali, addini ko aƙida, kasancewa mace ko namiji, da jinsin da mutum yake sha'awa. Ina da addinina, kuma a wasu daga cikin abubuwan nan ina da abin da na yi imani da shi. Dokar ba ta ce in sauya imanina ba, hasali ma ita ce take kare mayafin da nake zuwa ofis da shi. Abin da ta wajabta mini shi ne duk wanda ya zo gabana yana neman taimakon hukuma ya sami irin kulawar da maƙwabcinsa zai samu, kuma ban taɓa jin wannan ya saɓa wa amanar da aka rene ni a kanta ba.

Aikin da ya nuna mini nauyin dokar da gaske ya zo mini ne ina sashen yara da iyali. An miƙa mini fayil ɗin wata uwa mai 'ya'ya biyu, makaranta ta kawo ƙorafi cewa babbar, 'yar shekara tara, tana yawan fashin zuwa aji. Da na buɗe fayil ɗin na tarar da magana ɗaya ana ta maimaitawa da rubutun mutane daban-daban: uwar ba ta ba da haɗin kai, ba ta amsa wasiƙu, ba ta zo taro ba, da aka je gidanta ta nuna fushi. A wani layi guda can sama an rubuta cewa kurma ce tun haihuwa. Bayan wannan layin ba a sake ambaton kuramtarta ba, kamar bayani ne irin na lambar gida, kuma a lokacin an fara maganar ɗaga lamarin zuwa matakin kare yara daga cutarwa.

Na ɗauko kwafin wasiƙun da aka aika mata. Kowace shafi biyu ce da Turancin ofis mai nauyi, kuma kowace ta ƙare da cewa ta buga wannan lambar waya don tabbatar da zuwanta. Wasiƙar da ake aika wa kowa ce, ba a rage mata komai ba, ba a ƙara ba. Masu ji da yawa suna zaton kurma yana karanta Turanci kamar kowa, tunda idonsa lafiya lau. Gaskiyar ita ce maganar hannu ta Birtaniya harshe ne mai zaman kansa da nahawunsa, gwamnati ta amince da hakan tun 2003 kuma majalisa ta yi masa doka a 2022, kuma ga wanda aka haifa kurma sau da yawa Turanci harshe na biyu ne da ya koya ba tare da ya taɓa jin sautinsa ba. A ziyarar da aka kai gidanta kuwa, takarda da biro aka yi amfani da su, da abin ya gagara sai aka kira yarinyar ta zama tafinta. Wato an sa 'yar shekara tara ta gaya wa mahaifiyarta cewa hukuma tana shakkar iya riƙonta, sannan aka rubuta fushin da uwar ta yi a matsayin hali.

Na je wurin shugabar sashenmu na ce ba zan ci gaba da tantancewar ba sai da ƙwararren tafintan maganar hannu a kowace ganawa. Mace ce mai tausayi, amma kasafin kuɗi ya matse ta, ta ce a gwada rubutu tukuna, in ya so a nemi tafinta a babban taro. A nan ne na ga abin da doka take yi wanda tausayi ba ya iyawa. Da roƙo na je, da ta saurare ni ta ba ni haƙuri. Amma na je da sashe na 20 na dokar, wanda ya wajabta wa mai ba da hidima ya yi gyaran da hankali zai ɗauka don kada mai naƙasa ya cutu fiye da waninsa, ya kuma hana a caji mai naƙasar kuɗin gyaran. Na ƙara da cewa a kan hukuma wannan wajibci ba ya jiran sai an roƙa, domin tun kafin kurma ya shigo ƙofa ake son an tanadi yadda za a yi magana da shi. Na kawo sashe na 15, mai hana a cutar da mutum saboda abin da naƙasarsa ta haifar sai in akwai hujja mai ƙarfi, na ce rashin amsa wayar da ba ta iya ji shi ne ainihin irin wannan abu, mu kuma mun mai da shi shaida a kanta. Na ce mata idan lamarin ya kai kotun iyali, abin da lauyan uwar zai fara tambaya ke nan. Ta yi shiru, sannan ta sa hannu.

Ranar da muka zauna da tafinta, uwar ta yi magana kusan ba tsayawa, hannayenta suna gudu har tafintan ya roƙe ta ta sassauta. Na tambaye ta dalilin fashin yarinyar. Ta tashi ta ɗauko wata jakar leda cike da takardun alƙawarin ganin likita da na ofishin tallafi da na mai gidan haya, ta shimfiɗa su a kan tebur bisa jerin kwanan wata, ta ce in gwada su da ranakun da makaranta ta lissafa. Na gwada, kusan duka suka dace. Ƙaramin ɗanta yana da ciwon fuka, kuma duk inda ta je ba a tanadar mata tafinta, saboda haka ko dai ta ɗauki babbar ta fassara mata abin da likita ya ce game da maganin ƙaninta, ko ta dawo gida ba ta san adadin da za ta ba shi ba. Laifin da muke shirin ɗora mata sakacin wasu hukumomi ne ya haife shi, mu kuma muka zo muka maimaita sakacin a cikin falonta.

Na tambaye ta yadda take so a riƙa tuntuɓarta, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta ce gajeren saƙon tes da kalmomi masu sauƙi, sai kiran bidiyo ta hanyar tafinta idan maganar mai tsawo ce, kuma a riƙa zama inda haske yake faɗa wa fuskar mai magana. Na rubuta wa asibitin ina tunatar da su cewa tun 2016 akwai ƙa'idar da ta wajabta wa cibiyoyin lafiya a Ingila su tambayi mara lafiya ko mai kula da shi buƙatarsa ta sadarwa, su rubuta, su kuma biya ta. Yarinyar ta koma aji. Ba zan ce komai ya gyaru ba, domin tsoron da uwar take yi mana bai gushe ba har na rufe fayil ɗin, kuma tsoffin bayanan suna nan ba a goge su. Abin da na iya shi ne na rubuta a samansu, da sunana da kwanan wata, cewa duk an tattara su ne ba tare da tafinta ba, kada wani ya dogara da su wajen auna halinta.

Akwai wani kuskuren fahimta da yake zuwa ta ɗaya gefen, kuma shi ma yana da haɗari. Wasu ma'aikata, don tsoron kada a ce suna wariya, sukan kau da kai daga abin da ba za su yarda da shi ba a gidan farar fata, su ce al'ada ce. Duk wanda ya karanta aikin nan a ƙasar ya san sunan Victoria Climbié, yarinya 'yar asalin Kwaddebuwa da ta rasu a Landan a watan Fabrairu na 2000 tana da shekara takwas, bayan azabar da wata 'yar'uwar iyayenta da saurayin matar suka gana mata, alhali ma'aikatan jin daɗin jama'a da asibitoci da 'yan sanda duk sun san da ita. A binciken da Lord Laming ya jagoranta kan mutuwarta, wanda rahotonsa ya fito a 2003, an ji yadda aka fassara tsayuwar da yarinyar take yi a ƙame gaban matar a matsayin ladabin gidajen baƙar fata. Ni kaina na sha shiga gidajen da iyaye suke ganin fuskata su saki jiki, su ce ai ke tamu ce, kin san yadda muke horon yara. Nakan amsa musu da girmamawa cewa na sani, kuma saboda na sani ne nake iya bambanta tsawatarwa da tabon bulala a bayan yaro. Dokar Yara ta 1989 ta ce idan hukuma ta karɓi riƙon yaro dole ta yi la'akari da addininsa da asalinsa da al'adarsa da harshensa, kuma na sha faɗa a taro don a samar wa yaro riƙon da zai tsare masa sallarsa ko zuwansa coci. Amma yaron da aka bari cikin cutarwa saboda asalinsa, an ba shi kariya ƙasa da ta sauran yara, kuma wannan ita ce wariyar da dokar ta zo hanawa.

Ni ma an nuna mini wariya. Wani mutum ya taɓa buɗe ƙofa ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce a aiko masa da 'yar ƙasa. Shugabana na lokacin bai sauya ni a ɓoye don a zauna lafiya ba. Ya rubuta wa mutumin cewa yana da haƙƙin yin ƙorafi a kan aikina idan na yi ba daidai ba, amma ba a zaɓar ma'aikaci da launin fata. Na san abokan aiki a wasu wurare da aka janye su shiru aka ce don kare su ne, suka koma gida da jin cewa ofishinsu ya goyi bayan wanda ya wulaƙanta su.

Da na koma sashen manya, sai na tarar da bambancin da aka fi yi ba a ma jin nauyinsa, wato na shekaru. An kira ni asibiti a kan wani dattijo ɗan Afirka ta Yamma da ya zo ƙasar tun yana saurayi, ya sami shanyewar ɓarin jiki, aka rubuta cewa ya ruɗe, yana surutan da ba a ganewa, kuma gidan kula da tsofaffi ya fi dacewa da shi. Ina isa bakin gadonsa na ji surutan nasa Hausa ce tsantsa. Wani lokaci irin wannan ciwo yakan taɓa harshen da mutum ya koya daga baya fiye da wanda ya tashi da shi. Na sunkuya na ce, "Baba, sannu da jiki." Ya juyo da sauri ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya, ya ce, "Yauwa 'yata. Ashe akwai mai ji. Ki gaya musu gida nake so, na san benen yana da wuya, a sauko mini da gadona ƙasa."

Dokar da ta shafi ikon yanke shawara ta 2005 ta fara ne da cewa a ɗauki kowane baligi a matsayin mai iya yanke wa kansa hukunci har sai an tabbatar da akasin haka, kada a ce ya kasa sai an bi duk hanyar da za ta yiwu don taimaka masa, kada a kafa hujja da shekarunsa ko kamanninsa, kuma zaɓin da wasu suke ganin ba hikima a cikinsa ba shi ne shaidar rashin hankali ba. Ban yarda in zama mai tantancewa kuma tafinta a lokaci guda ba, domin kada a ce na sa masa magana a baki, sai na nemi tafinta daga waje aka sake gwajin a gaban likita. Ya faɗi haɗarin faɗuwa da bakinsa, ya faɗi wanda zai kira idan ya faɗi, ya ce duk da haka ya zaɓi ɗakinsa. Aka sallame shi gida da masu zuwa hidima. Abin da ya dame ni bayan haka shi ne tunanin tsofaffi nawa ne masu harsunan da ba na ji aka yanke musu irin wannan hukunci a ranar da babu mai ji a kusa.

Ba na son wanda ya karanta wannan ya zaci Dokar Daidaito ta gama aiki, domin na ga iyakarta da idona. Wanda aka nuna wa bambanci wajen hidima, shi ne zai kai ƙara kotu, yawanci cikin wata shida, kuma mutanen da muke aiki da su su ne mafi ƙarancin kuɗi da ƙarfin yin hakan. Sashe na 149, wanda ya ɗora wa hukumomi wajibcin kawar da wariya da ciyar da daidaito gaba, cewa ya yi su ba lamarin kulawar da ta dace, kuma na ga an cika takardar nazarin yadda shawara za ta shafi daidaito bayan an riga an yanke shawarar rufe wata cibiya. Alƙaluman hukumar lafiya ta Ingila shekara bayan shekara suna nuna cewa ana tsare baƙar fata a ƙarƙashin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983 fiye da ninki uku na yadda ake tsare farar fata, kuma ma'aikatan jin daɗin jama'a suna cikin masu sa hannu a takardun tsarewar.

Giɓin da ya fi ci mini rai shi ne talauci, domin ba ya cikin abubuwa taran nan. Sashe na 1 na dokar ya yi maganar rage bambancin da rashin abin hannu yake haifarwa, Sikotland ta fara aiki da shi a 2018, Wels a 2021, amma a duk shekarun da nake ba da labarinsu bai fara aiki a Ingila ba. Mafi yawan iyayen da na zauna da su a kan zargin sakaci matalauta ne. Idan na shiga gida na ga firji babu komai, ɗaki da sanyi, yara uku a katifa ɗaya, fom ɗin da ke hannuna yana da gurbin rubuta abin da na gani, ba shi da gurbin rubuta cewa an dakatar da tallafin uwar ko an ƙara mata kuɗin haya. A lamarin uwar nan kurma ina da sashen da zan ajiye a teburin shugabata ta sa hannu. A wannan kuwa sai dai in nemi ɗan taimakon gaggawa ƙarƙashin sashe na 17 na Dokar Yara, in rubuta a rahoto da kalmomi ƙarara wane abu ne rashin kulawa wane ne rashin kuɗi, sannan in je taro in kare wannan rarrabewar a gaban mutanen da babu dokar da ta tilasta musu su karɓe ta.